Wuƙar Gurka da na saya a Aldashot

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ka tambaye ni labarin lanƙwasasshiyar wuƙar da na turo maka hotonta, ga shi dalla-dalla.

Sunanta kukuri, wuƙar mutanen Nefal ce. Garin da nake zaune, Aldashot, garin soja ne a kudancin Ingila, kuma 'yan Nefal sun yi yawa a cikinsa, musamman tun 2009 da gwamnati ta ba tsofaffin sojojin Gurka, wato 'yan Nefal da suka yi wa Ingila aikin soja, izinin zama. Tun 1815 Turawan Ingila ke ɗaukarsu aikin soja, kuma wannan wuƙa ita ce tambarinsu.

A kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na same ta, inda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baza tarkacen gida. Nan ne kaɗai nake jin kamar ina Kurmi, domin ana tayi ana albarka. A kanti kuwa abin da aka rubuta shi za ka biya, ba ragi, amma za a ba ka rasit, in kayan ya fito da aibi ka mayar. Gwanjo ba rasit. Mai wuƙar ya ce mini ta yaƙin duniya na biyu ce, ya ce fam 60, muka daidaita a 40.

Da na zo gida na gwada ta da hotunan wuƙaƙen soja, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Na soja masu faɗin ciki ne, tawa siririya. Kuma kowace kukuri tana da ɗan tsagi a gindin kaifinta, kusa da ƙota, wanda suke kira co ko kaudi. Na kowa a buɗe yake, nawa a rufe, kamar an huda ido a jikin ƙarfen. Na ɗauka an cuce ni da irin na 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ake yi a Indiya masu kan zaki a ƙarshen ƙota.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon sojan Gurka, shi ya warware mini. Na kira shi ya shigo, domin a nan ba a fita da wuƙa haka kawai. Duk wuƙar da ba ta naɗewa, ko wadda ruwanta ya wuce inci 3, in aka kama ka da ita a titi ba ƙwaƙƙwaran dalili, kana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4. Ko ta yankan albasa ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ka tuna yadda Fulani ke shigowa kasuwa da adda a rataye ba mai waiwayensu.

Dattijon ya juya ta a hannu, ya duba gindin ruwan yana neman ɗan tambarin kibiya da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayan soja, da shekara. Babu ko ɗaya. Ya ce mini wannan ba ta taɓa shiga bariki ba, wuƙar ƙauye ce, kuma rufaffen tsagin nan aikin maƙeran Cainfur ne a gabashin Nefal. Masu faɗin kuwa samfurin garin Bojfur ne, shi ma a Nefal. Ya leƙa bayan kuben ya nuna mini gurbi biyu da ba komai a ciki: ɗaya na karda, 'yar ƙaramar wuƙar fiƙe, ɗaya na cakmak, ƙarfen da ake gyara kaifi da shi, a kuma yi ƙyastu. Wallahi raina bai ɓaci ba, sai ma na ƙara sonta. Da ya ce maƙeransu, da ake kira Kami, gadon sana'ar suke yi, kuma da sifirin tsohuwar mota suke ƙira, sai maƙeran unguwarmu suka faɗo mini a rai.

Abin da ya burge ni da ƙasar nan shi ne adana tarihi. A garin Wincesta akwai gidan tarihi na Gurka zalla, kowane kaya da bayaninsa. Takobin Baba kuwa har yau ba wanda ya rubuta wanda ya ƙera shi.

Amma aikin hannu, Yaya, gida ya fi. Kuben katako ne da aka lulluɓe da fatar ɓauna, ɗinkin bayansa ya farke. Na yi sati uku ina neman mai ɗinkewa. Mai gyaran takalmi ya ce ba layinsa ba ne. Wanda na samu ta intanet ya ce sai na aika ta gidan waya, na jira wata biyu, kuma ladansa ya fi kuɗin wuƙar. A Kano kafin ka idar da La'asar baduku ya gama.

Don haka na shimfiɗa kuben a kan takarda na zana shi, na rubuta tsawo da faɗi, zan turo maka. Don Allah ka kai wa dukawan Kurmi su yanka baƙar fata mai kauri daidai da awon, su huda gurbin ɗinkin, ni zan ɗinke da kaina. In an samu mai tahowa bayan Sallah sai ka ba shi. Ka gaida Inna.