Spesar taya mai kauri 25mm: wadda ta cancanci saye a Apo

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan mota a Apo, Abuja, zai tarar da spesa iri biyu, wato faifan nan da ake sakawa tsakanin hob (ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa) da rim don taya ta ɗan fito waje. Akwai siririya mai ramuka barkatai, wadda ake cewa tana shiga kowace mota. Akwai kuma mai kauri 25mm ta alminiyam mai ƙarfi nau'in 6061-T6, da kusoshinta a jiki da leɓe a tsakiya. Ta biyun ce abin saye.

Leɓen nan shi ke zaunar da rim daidai a tsakiya. Mai ramuka barkatai ba ta da shi, shi ya sa da mota ta kai gudun 100 a titin Kubwa sai sitiyari ya kama rawa, a yi ta balansin a banza. Sannan tana cinye tsawon kusoshin mota. Noti a kan kusa M12x1.5, wato mai kauri 12mm, yana buƙatar aƙalla juyi 8 cikakku kafin ya ɗaure. In 5 ya yi ya tsaya, wallahi kada a hau titi.

Kafin a biya kuɗi, a san awon motar. Camry da Highlander kusa 5 ne a da'ira mai faɗin 114.3mm, wato 5x114.3, ramin tsakiya 60.1mm. Accord ma 5x114.3 ce, amma raminta 64.1mm, don haka spesar Camry ba ta zama a kanta. Yawancin Hilux da Prado 6x139.7, rami 106.1mm. A sa mai shago ya auna a gabanka, kada ka yarda da rubutun kwali kawai.

Wajen ɗaurawa ne aka fi yin ɓarna. A goge tsatsar fuskar hob da buroshin waya har ƙarfe ya yi fes, domin ɗan ɓurɓushi kaɗan ya isa ya karkatar da faifan. A ɗaure spesa da notocin da suka zo da ita, wannan kusa sai ta tsallakenta, da sifana mai awon ƙarfi. Camry 103Nm take so a awon sifanar. Bindigar iska tana miƙar da kusa, wata rana ta karye. A duba ko tsofaffin kusoshi sun leƙo sama da fuskar spesa. In sun leƙo kuma bayan rim ba shi da gurbin da za su shige, rim zai zauna ne a kan kusa, notoci su yi ta kwancewa. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100 a cire taya, a sake gwada notocin ciki, wato masu riƙe spesa.

Spesa tana da nata aibin. Ta tura taya waje, nauyi ya ƙaru a kan boris, zai riga lokacinsa mutuwa. Mota in ta yi lodi ta faɗa rami a hanyar Akwanga, taya na iya gogar madigadi. A murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a gani tun motar tana gareji.