Garma tana sauka da kanta a MF 165: a sauya ringi ko a sauya silinda?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya kan taraktarsa, Massey Ferguson 165. Ya ce idan ya ɗaga garma ya kashe inji, kafin minti biyar ta kai ƙasa, idan kuma injin yana aiki sai hannuwan ɗagawa su riƙa zabura kamar mai shaƙuwa. Wani bakanike ya ce masa ringin fistan kawai za a sauya, wani ya ce a sayi sabuwar silinda. Wanne zai bi?

Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Silindar da ke ɗaga garma a MF 135 da MF 165 tana ciki ne, a ɗaure a ƙarƙashin babban murfin da kujera take kai, saboda haka idan tana yoyo man yana komawa cikin gidan giyar taraktar, ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Shaƙuwar da kake gani kuwa, garma ce take ɗan sauka, famfon da ke tura mai cikin silinda ya sake turo mai ya mayar da ita, ta sake sauka. Amma wurare uku ne suke iya kawo haka, kuma biyu daga cikinsu babu ruwansu da silinda.

Ka kwance ƙusar ƙasa ta murfin gefen dama, ka tsiyaye mai har ya daina fitowa ta ramin, sannan ka cire murfin. Ka tayar da inji, ka ɗaga garma mai nauyi, ka haska ciki da tocila. Ido kawai, kada hannu ya shiga matuƙar inji yana juyawa. Idan mai yana zubowa daga bakin silinda, laifin fistan ne ko jikin silindar. Idan yana gangarowa ta jikin siririn bututun nan na tsaye da ke kai mai daga famfo zuwa murfi, robobin bututun ne suka mutu, kuma wannan aikin rabin awa ne, ana yin sa ta ƙaramin murfi mai ƙusa biyu da ke saman babban murfin. Idan kuma man da ke ƙasa ne yake tafarfasa kusa da famfo, sai a nemi matsalar a bawul ɗin famfo.

To, a ce daga bakin silinda yake zuba. Wahalar kwancewa ɗaya ce ko wace hanya ka zaɓa. A sauke garma a cire ta, a cire kujera, a zare bututun tsaye, a raba libar bawul ɗin famfo da sandunan da ke saukowa daga murfi ta wannan ramin na gefe. Wanda ya manta da wannan ya ɗaga murfi, zai lanƙwasa libar, ya ƙara wa kansa aiki. A kwance ƙusoshin da ke zagaye da murfi, a bar manyan notuna huɗun da ke riƙe da silinda sai an sauke shi. Murfin yana da nauyi sosai, mutum biyu ne aƙalla, ko sarƙar ɗagawa, kuma a ɗaga shi miƙe. A kifa shi a kan katako, sannan a kwance silinda. Fistan yakan fito idan an buga bakin silindar a kan itace.

A nan ne hanyoyin biyu suke rabuwa, kuma farce ne alƙali. Ka wanke cikin silinda da kananzir, ka bi shi da farcenka.

Idan farce bai kama komai ba, ciki sumul ne, babu tsagewa, ringi ya isa. Kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in an gwada shi da na silinda, kuma sandunan saiti da ke jikinta suna komawa kusan yadda suke. Sai dai ka duba irin fistan ɗinka. Tsohon samfuri yana da ringin ƙarfe guda uku, kuma idan za a sa su a rarraba bakunansu kowanne ya fuskanci gefe dabam, kada su jeru a layi ɗaya su buɗe wa mai hanya. Ringin ƙarfe ko sabo ne yana ɗan tsatsafo, garma za ta iya sauka a hankali cikin sa'o'i, wannan ba laifi ba ne. Samfurin baya yana da roba ɗaya da wani zobe da suke aiki tare. Ya fi riƙe mai, amma ba ya haƙuri da kaushi: ƙaramin karce yana cinye robar cikin damina ɗaya.  A shafa mai mai tsabta kafin a tura, kada a tsokane ta da sukudireba.

Idan farce ya kama layi mai zurfi, ko tsatsa ta huda ciki, ko akwai tsagewa kusa da inda notuna suke riƙe ta, sabon ringi asarar kuɗi ne. Karce mara zurfi ana iya goge shi da dutsen goge silinda, amma idan aka ci ƙarfe da yawa don a kashe layin, ramin ya faɗaɗa, fistan ya yi wasa a ciki. A nan silinda da fistan ake saya tare, a matsayin saiti. Walda kuwa ba ma ba da shawararta. Ƙarfen zubi ne, kuma matsin man da ke cikinsa ya haura 150 a ma'aunin matsi na bar. Idan ta fashe da garma a sama, wanda ke kusa ne zai ji a jikinsa.

Sauya silinda yana da nasa tarkon. Faɗin ramin ba ɗaya ba ne a duk waɗannan taraktoci, akwai mai inci 3, akwai mai inci 3 da 3/8, kuma tarakta da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 ta bi ta hannun bakanikai da yawa, lambar da ke jikinta ba hujja ba ce. Ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, a auna a gabanka. Idan 'yar Beljiyam za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka sa a zare fistan ka yi mata gwajin farcen kafin ka biya. Bayan an ɗaura kuma dole a sake saitin libobi, musamman inda hannuwa suke tsayawa a sama. Idan saitin ya wuce, hannuwa suna kaiwa ƙarshe famfo yana ci gaba da turawa, za ka ji bawul yana kuka, kuma wannan na cikin abubuwan da ke fasa silinda. Ɗaya kuma shi ne gudu da garma a sama a kan hanya mai ramuka.

Ko wacce ka bi, ka sa sabuwar roba a ramin mai da ke tsakanin silinda da murfi, sababbin robobin bututun tsaye, da sabon gaskit. Ka duba man da ka tsiyaye: idan ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, galibi ta yagaggun robobin da ke gindin sandunan giya da wadda ke rufe babban sifirin ɗin baya. Ruwan ne ke kawo tsatsar da ke cin silinda. A zubar da shi duka, kusan lita 30 ne, a wanke laka daga ƙasan gidan da matatar famfo, a sauya robobin kafin a zuba sabo.