Kayan da na gwada wa libarbata mai ɗurin albarushi

Shekara guda ke nan ina harba libarba samfurin Remington 1858, kwaikwayon ta zamanin yaƙin basasar Amurka da ake ƙerawa a Italiya. Mai bakin .44 ce (lambar faɗin bakinta a ma'aunin inci), ramuka shida, kowane rami da hannu ake ɗura masa albarushi da dalma. Na shiga harkar ina zaton albarushi ne babbar magana. Ashe ƙwallon dalma da 'yar hular ƙarfen da kunama ke dokawa ta kunna albarushi su suka fi cin hankalin mutum.

Ƙwallon da na fara saya mai faɗin inci .451 ne. Yana shiga rami sumul, har na ji daɗi, ban san aibinsa ke nan ba. Ƙwallon da ya dace sai an danna shi da ƙarfi, bakin ramin ya aske masa siririn zobe na dalma. Wannan zoben shi ne shaidar rami ya toshe ruf, wuta ba za ta samu hanyar kutsawa ramin kusa ba. In ta kutsa, rami biyu ko uku na iya tashi lokaci guda, abin da ba na yi wa kowa fatansa. Da na koma .454 sai zobe ya riƙa fita tsaf, harbina ya daina warwatsuwa. Kuma lallai ƙwallon ya zama na zallar dalma mai laushi. Mai gauraye tana da tauri, tana wahalar da sandar ɗuri.

Hula kuwa ta ba ni wuya. Akwai lamba 10 da lamba 11, amma lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani. Gwangwanin farko da na saya, hulunan suna zubewa da zarar bindiga ta girgiza. Wasu kan matse su da yatsa su ci gaba, ni dai hankalina bai kwanta da haka ba, domin hula mai sako-sako ita ma ƙofa ce ga wuta. Na gwada iri uku kafin lamba 10 ta Remington ta zauna daram. Ka sayi gwangwani ɗaya ka gwada kafin ka tara da yawa.

Baƙin albarushi na FFFg, wato mai ƙananan ƙwayoyi, nake amfani da shi, giren 25 a ma'auni (giren shi ne awon da ake auna albarushi da shi). Na gwada Pyrodex P, wani madadin baƙin albarushi, ya yi aiki lafiya, sai dai na fi son baƙin albarushi na asali don saurin kamawarsa. Abu biyu ba na wasa da su: ba a taɓa zuba albarushin zamani marar hayaƙi a irin wannan bindiga, zai iya fasa ta a hannunka, kuma ba a zubawa kai tsaye daga gora, sai ta ma'auni.

Tsakanin albarushi da ƙwallo ina sa faifan ulu mai kakin zuma da kitse. Ya fi shafa mai a bakin rami tsafta, kuma datti ba ya ƙanƙarewa a bututu. Mai irin na fetur kuwa in ya gamu da tokar albarushi sai ya zama kamar kwalta.

Tokar tana jan danshi, tsatsa ba ta jira. Ranar da na harba, ranar nake wankewa da ruwan zafi da sabulu, in kwance mazaunan hula shida da 'yar sifanarsu, in busar, sannan in shafa mai.