Kwana biyu a ɗakin dutse na Alberobello: ra'ayina kan masaukin

Tun da na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Kudu, abokan hira suke tambayata a majalisa ko masaukin da ƙanena mai aiki a birnin Bari na Italiya ya kama mini a Alberobello ya cancanci kuɗin da ya kashe. Amsata ita ce ya cancanta, amma ga mutumin da gini da tarihi suka dame shi, domin mai neman jin daɗin otal zai ga an tsawwala masa.

Alberobello ƙaramin gari ne a yankin Puliya da ke kudancin Italiya, mazaunansa kimanin 10,000 ne, kuma gonakin zaitun da na inabi ne suka kewaye shi. Ya yi suna ne saboda ɗakunan da suke kira turulli, waɗanda fiye da 1,500 suke tsaye a unguwannin Rione Monti da Aia Piccola, har hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1996. A ɗaya daga cikinsu na kwana.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne rufin. Falalen duwatsu ne aka jera zagaye bisa zagaye, kowane layi yana ɗan shigewa ciki fiye da na ƙarƙashinsa, har suka haɗe a tulluwa, babu azara, babu siminti a tsakaninsu. Bangon yana da kauri ƙwarai, an shafe shi da farar ƙasa, kuma ko da yake lokacin zafinsu ne na je, ban nemi fanka ba, kamar yadda mai kwana a soron ƙasa ba ya nemanta. Dattijuwar da ke kula da masaukin ta nuna mini bakin wata rijiya da ke ƙarƙashin daɓe, inda ruwan saman da ya gangaro daga rufi yake taruwa, domin ƙasar tasu mai dutse ce, ruwa ba ya zama a samanta.

Da wannan dattijuwa masaukin ya fi wasu. Ta zauna da mu, ƙanena yana yi mini tafinta, ta ba mu labarin yadda garin ya daɗe a hannun hakiman garin Conversano na zuriyar Acquaviva, da yadda aka ce sun tilasta wa talakawa gini ba tare da kwaɓi ba don a iya rushe ɗakunan da sauri idan masu ƙidayar harajin sarki sun tunkaro. Ita da kanta ta ce wannan zance ne na kaka da kakanni, amma abin da ke rubuce shi ne Sarki Ferdinando na huɗu na masarautar Napoli ya 'yantar da garin daga hannun hakiman a 1797. Na yaba da yadda ta bambance mana ji da tabbas.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Taga ɗaya ce ƙarama, saboda haka ɗakin yana da duhu ko da rana tsaka, kuma babu buta a bayi. A safiyar farko an haɗo mana karin kumallo da naman alade duk da cewa ƙanena ya yi bayani tun da wuri. Dattijuwar ta ba da haƙuri sosai, da dare kuma ta kawo mana wani dakakken wake da ganye da man zaitun mai kama da fatenmu. Rione Monti kuwa ta cika da kantunan tsaraba da hayaniyar baƙi, don haka wanda zai je ya nemi ɗaki a Aia Piccola, inda har yanzu iyalai suke zaune a gidajensu.

Da na nuna wa tsohon maginin unguwarmu hotunan a waya, ya daɗe yana duba su. Na ce masa, "Baba, dutse ne zalla tun daga ƙasa har sama." Ya ce, "Ɗana, ai wannan rumbu ne aka yi wa jinkar dutse, amma ta ina yake hana yoyo?" Na bayyana masa cewa rufin ninki biyu ne, kuma falalen waje an ɗan karkatar da su ƙasa don ruwa ya zame. Sai ya karɓi wayar, ya ce in ƙara masa girman hoton daidai inda rufi ya haɗu da bango.