Rumfar kunun aya da alawa a kasuwar Talata Mafara: ku je kafin azahar

A kasuwar Talata Mafara, wadda ke ci ranar Talata, akwai wata 'yar rumfa kusa da masu kayan lambu da ake sayar da kunun aya, zoɓo, ruwan kankana da kayan alawa. Teburi ɗaya ne, kula biyu da injin markaɗe mai aiki da sola.

Kunun ayarsu shi ne dalilin zuwa. Busasshiyar aya suke jiƙawa ta kwana, su tsince tsakuwa, su markaɗa da dabino, kwakwa, ɗanyar citta da ɗan kanumfari. Mudu ɗaya ba sa barin ya wuce lita 5, shi ya sa yake da kauri, ba irin tsararon da ake cika wa sukari ba. Tata biyu suke yi da ƙyalle mai laushi, ba ka jin dusa a maƙogwaro. Abin da ya fi burgewa shi ne yadda suke sanyaya shi: ƙanƙara a kewayen robobi take, ba a cikin kunun ba. Ƙanƙarar bulo ba kowa ya san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma tana narkewa ta tsinka kunu.

Sai dai aya ba ta da haƙuri. A bazara, da zafi ke haura digiri 40, kunun da ya bar sanyi na 'yan awoyi zai fara tsami, ya yi yauƙi, roba ta kumbura. Kular tasu kuwa ana ta buɗe ta, zuwa la'asar ƙanƙara ta zama ruwa. Duk wanda ya saya da yamma ya murɗa murfin a hankali. In ya ji tsss, ya mayar. Da za su raba kayan, kula ɗaya ta zauna a rufe sai ta farko ta ƙare, da sun huta da asara.

Zoɓon ba laifi. Da ɓawon abarba suke dafa shi, kuma ba sa zuba kanwa don kashe tsami, don haka launinsa ja ne tas, bai koma baƙi ba. Sukarin ne ya ɗan yi yawa.

Kankana ba ta yi musu wuya, ga noman ranin madatsar Bakolori a kusa, amma a nan suke kuskure. Suna markaɗawa da yawa tun safe, ruwan kankana kuwa rabuwa yake yi, tsaki ya kwanta, ɗanɗano ya gushe. Ku ce a markaɗa muku sabo a gabanku, ba sa ƙi.

A ɓangaren zaƙi, kantun riɗi ya fi komai: an soya riɗin daidai, ba ɗaci, yana karyewa ƙaras. Alawar madara ma ta kama jikinta, alamar an bar sukari ya yi danƙo kafin a zuba madara. Gullisuwa ta sha mai, wutar suyar ta yi sanyi. Iloka kuwa a rana suke shanya ta, tana narkewa ta manne da leda, ga ƙudan zuma na kewaya tiren. Akwatin gilashi da ɗan inuwa zai magance duka biyun.

Robobin sababbi ne masu hatimi, farashinsu ya ɗara na 'yan talla kaɗan saboda haka. Suna karɓar tiransifa in akwai sabis, amma ku riƙe canji.