Rediyon Yaƙi a Kan Dandamali: Aikin Dattawan da Inda Yake Tangarɗa

A Birtaniya akwai ƙungiyoyin dattawa da ake gayyata zauren unguwa ko gidan kula da tsofaffi su farfaɗo da shirye-shiryen rediyo na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, muddin an kula da sauti.

Abin da suke kwaikwaya shi ne salon BBC: barkwanci mai sauri irin na ITMA (It's That Man Again), shirin ɗan wasan barkwanci Tommy Handley da ya fara a 1939 ya tsaya da rasuwarsa a 1949, sai waƙoƙi da raha irin na Workers' Playtime da aka fara watsawa daga ɗakunan cin abincin masana'antu a 1941. Salon ya dace da masu shekaru, domin ɗan wasan rediyo da takarda a hannu yake karatu. Babu hadda, babu guje-guje. Wanda ƙafa ta gaza sai ya zauna har layinsa ya zo.

Mafi armashi shi ne teburin ƙirƙirar sauti, kuma gara a ajiye shi gaba inda kowa zai gani. Ɓawon kwakwa biyu a kan faranti mai tsakuwa su ne kofaton doki. Ƙaramar ƙofa mai sakata ta gaske ita ce shigowar baƙo. Fallen kwano idan aka girgiza, tsawa ke nan. Mai teburin ya makara da daƙiƙa ɗaya, dariyar ta mutu.

Matsalar tana wajen makirufo. Na asalin, BBC-Marconi Type A, yana ɗaukar murya ta gaba da ta baya, gefensa kurma ne, shi ya sa 'yan wasa ke tsayawa fuska da fuska. A dandamali kuwa galibi kwafinsa ne da aka ɓoye makirufon zamani a ciki, mai jin gaba kaɗai. Duk wanda ya tsaya a baya don kwaikwayon tsohon hoto, muryarsa ta ɓace. Idan kuma lasifika tana bayan 'yan wasa tana fuskantar makirufo, sai ƙugi ya tashi, masu na'urar taimaka wa ji su fi kowa shan wahala. A sa lasifikokin gaba da layin 'yan wasa, a rage ƙarar fiyano, don muryar dattijo ba ta iya ja da shi.

Takarda ma tana tona asiri, domin makirufo yana ɗaukar ƙararta: a buga rubutun da manyan baƙaƙe a takarda mai kauri, kada a ɗinke, a riƙa zame kowane shafi a hankali.

Jiniyar gargaɗin hari daga sama ita ce abin da bai kamata a kunna ba sanarwa ba. Cikin masu kallo ana iya samun wanda yana yaro lokacin ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Birtaniya daga 1940 zuwa 1941. Mai gayyata ya tambayi ƙungiyar tun kafin ranar ko tana cikin shirin, a faɗa wa jama'a, ko a cire ta.