Littafin hujjoji ko gwaji a kwamfuta: wanne ya fi don gane ka'idar CLT?

Ɗan'uwa, in kana son gane CLT (Central Limit Theorem), wato ka'idar da ke cewa matsakaitan samfura suna taruwa su yi siffar ƙararrawa idan samfurin ya yi girma, to tsakanin ƙaton littafin hujjojin lissafi da gwaji a kwamfuta, ɗauki gwajin, ka bar kuɗinka a aljihu.

Ni da gwaji abin ya zauna mini. Na buɗe Excel, na sa RANDBETWEEN(1,6) ya riƙa jefa mini ɗan ludo. A jifa ɗai-ɗai, kowace lamba daga 1 zuwa 6 rabonta daidai da na 'yar'uwarta, zanen ya fito a baje, ba tudu ba kwari. Sai na riƙa haɗa jifa 25 ina fitar da matsakaicinsu, na yi ta maimaitawa. Ina zana matsakaitan nan, sai ga siffar ƙararrawa ta miƙe, ƙoƙonta a kan 3.5. Don daɗi har abokan karatu na kira su zo su gani.

A nan ɗalibai suke ruɗewa. Ɗan ludo bai sauya hali ba, jifarsa tana nan a baje. Matsakaitan samfura ne suke taruwa su yi ƙararrawa, kuma faɗinta σ/√n ne, inda σ ke nufin warwatsuwar jifa ɗaya (standard deviation), n kuma yawan jifar da ke cikin samfuri. Warwatsuwar jifa ɗaya kusan 1.71 ce. Da jifa 25 ta matsakaici ta sauko 0.34, da jifa 100 ta koma 0.17. Wato sai ka ninka samfuri sau huɗu kafin warwatsuwar matsakaici ta ragu da rabi. Ka gwada kuma bayanan da suka karkace gefe guda, kamar kuɗin shigar mutane, inda 'yan tsiraru ke da mai tsoka. Za ka ga batun da ake yawan faɗa cewa "samfuri 30 ya isa" a samu ƙararrawa ba kullum yake tsayawa ba.

Littafin kuwa ina da shi, yana kan kanta yana shan ƙura. Zai yi amfani ranar da kake son bin hujjar da ta samo tushe daga aikin masanin lissafi Laplace na 1810, amma ba a shekararka ta farko a karatu ba.

Ko da ba ka tambaya ba, yi hattara da masu tallan kwas a intanet da ke alkawarin kammala maka darasin nan cikin dare ɗaya, da masu sayar da manhajar sata. R, manhajar nazarin alƙaluma, kyauta ce, LibreOffice Calc mai kama da Excel ma haka, kuma tana da RANDBETWEEN. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ka sauke su, damfararka zai yi.